Aikin sa kai wajen duba dawakai a gasar Olamfik

Malam ka tambaya ko ɗalibin likitancin dabbobi zai iya zuwa aikin sa kai wajen dawakan Olamfik, eh zai iya amma ka cire rai da cewa za a miƙa maka allura ka yi wa dokin wani. Wannan sai likitan da hukumar wasannin dawaki ta duniya, wato FEI, ta amince da shi, shi ma sai ya yi rijista ta hukumar dawaki ta ƙasarsa. Kai naka taimako ne, riƙe doki, ɗaukar ƙanƙara, rubuta bugun zuciya da zafin jiki.

Inda aiki yake da gaske shi ne ranar tseren daji mai tsallake shinge, doki zai iso yana haki jikinsa kamar garwashi, nan take za ku hau sheƙa masa ruwan ƙanƙara ana zagayawa da shi a hankali har numfashinsa ya dawo, a Tokyo 2021 saboda zafi har fankoki masu fesa ruwa aka jera. A Paris 2024 a fadar Versailles aka yi gasar dawakan, na gaba kuma Los Angeles 2028.

Kuɗin jirgi da masauki daga aljihunka ne fa, su masu shirya gasar kaki da abinci za su ba ka. Ni shawarata ka fara da filin folo na Kaduna ko Katsina, ka bi likitansu ka koyi gane ɗingishi tun daga takun doki, ka san bugun zuciyarsa in yana hutawa 28 zuwa 44 ne a minti, sannan ka cike fom ɗin aikin sa kai na Olamfik in sun buɗe.