Wace ce uwar ganyen gomen na Habasha, kabeji ko baƙin mastad?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun aikin gona a Zariya. An koya mana cewa ganyen miyar nan na ƙasar Habasha, Brassica carinata, ya samu ne daga barbara tsakanin dangin kabeji da baƙin mastad. Tun da babu wanda ya shaida faruwar abin, ta yaya masana suka gane wanda ya zama uwa da wanda ya zama uba?

Amsa: Ɗalibi, shaidar tana cikin koren ganyen da kansa, sai dai kafin mu kai gare ta ya kamata a san yadda aka gano iyayen tukuna.

A shekarar 1935 wani masanin tsirrai ɗan asalin Koriya da ke aiki a Japan, Woo Jang-choon, ya bayyana dangantakar da ke tsakanin jinsuna shida na Brassica. Dangin kabeji, wato Brassica oleracea, suna da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta) 18, baƙin mastad, Brassica nigra, yana da 16, shi kuwa wannan ganye da Habashawa ke kira gomen yana da 34, wato jimillar na iyayen biyu cif. Ka tuna da alfadari: goɗiya tana da 64, jaki yana da 62, ɗansu ya tashi da 63 waɗanda ba sa iya jeruwa bibbiyu, shi ya sa ba ya haihuwa. Da gomen ya tsaya a kan 17, da makomarsa ke nan, amma sai adadin ya ninka, kowane kuromosom ya sami abokin tafiya, tsiron ya iya yin iri.

To amma wannan lissafi bai ce komai ba game da uwa, domin abin da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta rabi daga uwa yake, rabi daga uba. A nan ne kuloroplas ke shigowa, wato ƙananan korayen jakunkunan da ke cikin ƙwayoyin ganye, inda tsiro ke sarrafa hasken rana ya zama abinci. Kuloroplas yana da DNA nasa na kansa, domin asalinsa wata ƙwayar bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwayar tun fiye da shekaru biliyan ɗaya da suka wuce. A dangin Brassica wannan DNA yana da haruffa kusan 153,000, yana sauyawa a hankali ƙwarai, kuma ta ƙwan fure ake gadonsa, garin furen uba ba ya kawo shi. Saboda haka, ko an yi ƙarni nawa, layin uwa kaɗai yake bi ba tare da gauraya ba.

A shekarar 1983 Jeffrey Palmer da abokan aikinsa suka yayyanka DNA ɗin kuloroplas na waɗannan jinsuna da wasu sinadarai masu yanka a wurare takamaimai, suka jera gutsattsarin gefe da gefe. Zanen da na gomen ya bayar ya yi daidai da na baƙin mastad, ya kuma yi hannun riga da na kabeji. Ke nan a kan furen baƙin mastad garin furen dangin kabeji ya sauka. Wannan hanya ta nuna kuma cewa uwar mastad ɗin Indiya, Brassica juncea, ita ce Brassica rapa, jinsin da kabejin Sin ya fito daga cikinsa, baƙin mastad kuwa a can uba ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wannan bincike ya girgiza rabe-raben da aka gina a kan kamannin fure da kwanso. Ta fuskar kuloroplas, kabeji da Brassica rapa suna reshe guda, baƙin mastad yana wani reshe dabam, har ma radish, wani kayan lambu mai saiwa wanda aka ware a wani gida mai suna Raphanus, ya fi kusa da kabeji a kan baƙin mastad ɗin da ke gidan Brassica ɗaya da kabeji. Duk da haka ina jan hankalinka kada ka ɗauki bishiyar dangantakar da aka zana da kuloroplas a matsayin cikakken tarihi. Tsirran wannan dangi suna yawan barbara da juna, kuma yakan faru wani jinsi ya ɗauke kuloroplas na maƙwabcinsa alhali sauran gadonsa na gidansu ne, don haka dole a gwada sakamakon da na cibiyar ƙwaya kafin a yanke hukunci.

Da yake kai manomi ne, ga inda abin zai shafe ka. A shekarar 1968 wani masani mai suna Ogura ya gano a Japan wani radish da furensa ba ya yin gari, siffar da masu haɗa iri ke matuƙar buƙata. Da aka shigar da ita cikin dangin kabeji ta layin uwa, sai kuloroplas na radish ya biyo, ganye ya riƙa zama ruwan ɗorawa idan sanyi ya sauka. Sai a 1983 masana a Faransa suka haɗe ƙwayoyin tsirran biyu a ɗakin gwaji, suka riƙe siffar da ake so, suka mayar da kuloroplas na Brassica, ganyen ya dawo kore.