Zango na awa 11 a Istanbul: yadda waya za ta kai ka tsohon gidan abinci

Tambaya: Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Gombe. Jirgina zai tsaya awa 11 a Istanbul kafin in wuce. Ina so in shiga gari in ci abinci a wani tsohon gidan abinci mai tarihi, amma ba na jin Turkanci, kuma Infinix ce a hannuna. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da biza za ka fara. Mai fasfon Najeriya ba ya fita daga filin jirgin Turkiyya sai da ita, don haka ka tabbatar da wannan tukuna. Idan da Turkish Airlines kake tafiya, suna da shirin Touristanbul, zagayen gari kyauta ga wanda zangonsa ke tsakanin awa 6 zuwa 24, amma shi ma sai da biza.

Yawancin aikin waya a gida za ka gama shi. Buɗe Google Maps, taɓa hotonka a sama, shiga wurin taswirar da ke aiki babu intanet, ka zana akwati daga filin jirgi har tsakiyar gari ka sauke. Wannan taswira za ta nuna maka inda kake da hanyar mota, amma ba ta lissafa hanyar jirgin ƙasa sai da data, saboda haka ka ɗauki hoton allo na hanyar tun kana Gombe. A Google Translate ma ka sauke Turkanci, domin kyamara ta riƙa fassara maka takardar abinci.

Batun data: danna *#06#. Idan ka ga lamba mai suna EID, wayarka na karɓar eSIM, wato layin da ake ɗorawa a waya ba tare da an saka katin sim ba, sai ka saya ka ɗora kafin ka tashi. Yawancin Infinix da Tecno da itel ba su da shi. To sai ka sa kamfanin layinka ya buɗe maka romin, wato layinka ya yi aiki a ƙasar waje, ko don saƙon lamba ya shigo, domin wayfai ɗin filin jirgin yana neman lamba ta saƙo ko a duba fasfo a na'ura. Kashe data ta romin idan ba ka sayi tsari ba, in ba haka ba kati ya ƙone cikin mintuna.

Wurin neman gidan abinci a Google Maps kuwa, yawanci a nan ake ɓata. Wanda ya rubuta da Turanci, wuraren 'yan yawon buɗe ido masu tsada ne za su fito masa a sama. Rubuta "tarihi lokanta", wato gidan abinci mai tarihi, ko "esnaf lokantası", inda 'yan kasuwa da ma'aikata ke cin rana. Kada yawan taurarin da mutane suka ba wuri ya ruɗe ka. Jera ra'ayoyin daga mafi sabo, ka duba ko 'yan gari ne ke rubutu da Turkanci, sannan ka kalli hotunan takardar farashi da watan da aka ɗora su, don farashi a can ba ya zama wuri ɗaya. Kalmomi biyu ka riƙe: "alkolsüz", babu giya, da "domuz", alade.

Shawarata Hacı Abdullah Lokantası, wanda ya faro tun 1888, a gefen titin İstiklal kusa da masallacin Ağa. Ba a sayar da giya a ciki, kuma ga wurin salla a ƙofa. Ka hau jirgin ƙasa na layin M11 daga filin jirgi zuwa tashar Gayrettepe, ka sauya zuwa layin M2 ka sauka a tashar Taksim, sauran tafiyar ƙafa ce. Akwai kuma Tarihi Sultanahmet Köftecisi na 1920, sai dai shaguna masu kama da sunansa sun yi yawa, sai ka dubi shekarar a allon ƙofa. Riƙe dala kaɗan ka canza zuwa lira ka sayi Istanbulkart, katin da ake biyan kuɗin jirgin ƙasa da shi, kada ka dogara da katin naira.

Istanbul ta riga Najeriya da awa 2. Wayar da ba ta kama layi ba tana iya tsayawa a lokacin gida, mutum ya zauna yana shan shayi jirgi ya tashi. Da saukarka ka gwada agogonka da na bangon filin jirgi. Ware awa ɗaya ta fita, kusan awa ɗaya da rabi zuwa, haka dawowa, ka kuma iso awa 3 kafin tashi. Wajen komawa ka zaɓi filin IST, wato babban filin jirgin Istanbul, domin akwai na biyu, Sabiha Gökçen, can ɓangaren Asiya.

Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, sai ka sayi adafta a Gombe. Fawabank mai 20,000mAh ya isa, kuma a jakar hannu ake saka shi, ba a akwatin da za a auna ba.