Wane Manifol Ya Dace da Injin 454 Mai Yawon Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta Amurka, kuma na sayi tsohuwar Chevrolet Chevelle ƙirar 1970 mai injin 454. Ina so in cire manifol ɗin ƙarfe da ta zo da shi in sa na alminiyam. Wani abokina ya ce in sayi Victor Jr. na kamfanin Edelbrock, wai shi ne na masu tsere. Ni kuwa yawon ƙarshen mako kawai nake da ita. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, na masu tsere ne, kuma dalilin da ya sa bai dace da kai ba ke nan.

Manifol shi ke karɓar iska da fetur daga kafireto ya raba wa silinda takwas. Iri biyu ne. In ka leƙa bakin mai ɗaki biyu, wanda ake rubuta dual-plane a kwalinsa, za ka ga katanga ta raba shi tsakiya, kowane ɓangare na ciyar da silinda huɗu ta dogayen hanyoyi. Zuƙar kan zo bi da bi, wannan ɓangare ya ja, wancan ya ja, don haka kafireto na jin jan iska sosai ko da injin na silo. Mai ɗaki ɗaya irin Victor Jr. kuwa zaure ne buɗaɗɗe mai gajerun hanyoyi. Ba ya farkawa sai injin ya haura juyi 3,000 a minti, alhali kai tsakanin danja da danja da wuya ka wuce nan. Ka sa shi, ka taka totur, motar ta yi jim kamar mai tunani kafin ta tashi, fetur kuma na tafiya a banza.

Ko Chevrolet da kanta, da ta fitar da LS6, wato samfurin injin 454 mai ƙarfin doki 450, a 1970, manifol ɗin alminiyam mai ɗaki biyu ta ɗora masa.

In kamshaf ɗinka, wato sandar da ke buɗe bawul, na asali ne, Performer, manifol mai ɗaki biyu na Edelbrock, ya ishe ka, yana aiki daga silo zuwa juyi 5,500. In an sa kamshaf mai ɗan zafi, wato mai ƙara wa injin ƙarfi, da salansa mai faɗi, Performer RPM ya fi, daga 1,500 zuwa 6,500. Injin 454, mai lita 7.4, yana da cikin da zai haɗiye wannan ba tare da ya yi sanyi a ƙasa ba, kuma ni shi nake zaɓa. Akwai ƙanensa Air-Gap da ke barin iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Ba shi da hanyar zafin salansa mai ɗumama manifol lokacin sanyi, amma a zafin Houston wannan ba abin damuwa ba ne.

Kafin ka biya ko sisi, duba ramukan da ke jikin tof silinda, don dole su dace da na manifol ɗin. Akwai masu siffar ƙwai, akwai manya masu kusurwa huɗu. LS5, ɗaya samfurin injin 454, ya zo da na ƙwai, LS6 da masu kusurwa. Kada ka dogara da tambarin da ke jikin mota, don motar da ta haura shekara hamsin hannu nawa ya taɓa ta? Buɗe murfin bawul ka karanta lambar da aka zuba a jikin tof ɗin. Sannan kafireto: in samfurin Quadrajet ne, ramukansa na baya sun fi na gaba girma, ba ya zama a bakin Performer RPM da aka ƙera don kafireton Holley sai da farantin haɗi.

Sai tsayi, wanda ya fi ba mutane kunya. Performer RPM ya ɗara na asali tsawo. Mulmula yumɓu kamar ƙwallon yara guda huɗu, ɗora su a kan murfin matatar iska, rufe bonet a hankali, ka buɗe. Kaurin da yumɓun ya rage bayan ya baje shi ne sararin da kake da shi. Cire ƙarin tsayin sabon manifol daga ciki, in bai bar maka kamar rabin inci ba, nemi matatar iska mai nutsewa ƙasa, ko ka koma wa Performer.