Maida hoto zanen fenti: kar ka fara da siyan firinta

Wani dan uwa dan kasuwa ne ya turo min tambaya, ga ta a takaice. Yace yana da dan jari da ya ajiye a gefe, ya dan iya taba Photoshop, yana ganin mutane suna daukan hoto su maida shi kamar zanen fenti na buroshi a kwamfuta suna siyarwa, shine shima yake so ya sayi babbar firinta da allon zane na kwamfuta, ya buga hotunan manyan 'yan kwallo da mawaka kamar guda dari, ya sa musu firam ya jera yana siyarwa. Tambayarsa biyu ce, akwai riba a ciki? Kuma nawa zai dinga yanka wa kowanne?

Toh dan uwa, sana'ar akwai riba, amma tsarin da ka zayyano min din nan shi ne babu riba a ciki, kuma gara in fada maka tun kudinka na aljihunka.

Fara da tambayar kanka, waye zai siya kuma me yasa. Tun 2016 da manhajar Prisma ta fito kowa da wayarsa yake iya danna hoto ya koma kamar fenti cikin dakika kadan, a karshen 2022 Lensa ta zo da nata salon, yanzu kuma ga manhajojin AI nan birjik wasu ma kyauta. Kenan maida hoto ya zama kamar zane shi kadai ba abin da mutum zai bude jaka ya biya bane, don yana da shi a hannunsa. Abinda ake biya shine hoton mahaifiyar mutum da ta rasu wanda kwaya daya tak ya rage kuma ya dushe, a gyara shi a fito da fuskarta yadda 'ya'yanta suka santa, ko ma'aurata da suke son wani abu babba a bangon falo, ko mai kamfani da yake son zanen wanda ya kafa kamfanin, ko mai doki ko mai kare da yake ji da dabbarsa, ko zanen gidan da mutum ya taso a ciki. Duk wadannan babu wanda zaka iya bugawa ka ajiye kana jiran mai siye, sai an kawo maka hoton tukunna. Sana'ar nan irin ta tela ce, sai mai kaya ya kawo yadinsa an auna shi sannan a dinka, kai kuma kana shirin dinka riguna dari ka rataye baka san wanda zai saka ba. Guda darin nan da kace, in ka siyar da ashirin ka yi kokari, sauran tamanin kwantai ne, kuma kwantan da ya ci kudin tawada da kanbas (yadin da ake buga zane a kai) da firam.

Sannan ga maganar da ta fi damuna a tsarin naka, hotunan shahararrun mutane. Hoton da ka dauko a intanet akwai mai shi, kuma a dokar kasashe da yawa wanda ya dauki hoton shine mai hakkin mallaka, wanda aka dauka din ma ba nasa bane. Mutane da yawa suna dauka wai in ka canza kala ka shafa buroshi ya zama naka, toh ba haka abin yake ba. Shepard Fairey da ya yi fitaccen fostan Obama na zaben 2008, daga hoton kamfanin dillancin labarai na AP ya zana, suka shiga kotu a 2009 ba'a sasanta ba sai 2011. Wanda ya fi wannan ma shine na fitaccen mai zane Andy Warhol, wata mai daukan hoto Lynn Goldsmith ta dauki mawaki Prince a 1981, Warhol ya yi zane-zane daga hoton, bayan Prince ya rasu a 2016 gidauniyar Warhol ta bawa wata mujalla lasisin daya daga ciki ba tare da an biya mai hoton ba, a watan Mayu 2023 kotun kolin Amurka ta yanke hukunci alkalai 7 da 2 cewa mai hoton ce da gaskiya. In sunan Warhol bai kare gidauniyarsa ba, ni da kai su waye. Zaka ce ai ni karamin dan kasuwa ne wa zai kula dani, eh watakila ba mai kai ka kotu, amma shagunan intanet basa jiran kotu, korafi daya mai hoto zai tura su sauke kayanka, in abin ya maimaitu su rufe shagon gaba daya, duk yabon kwastomomin da ka dade kana tarawa ya tafi. Bayan haka shi kansa dan kwallon, a wurare da yawa yana da hakki akan a yi kasuwanci da fuskarsa, ga tambarin kulob a kirjin rigar shima da mai shi.

Ko hoton da kwastoma ya kawo maka, in kaga na situdiyo ne ka tambaye shi ko mai daukan hoton ya yarda, ka sa ya rubuta maka a sako cewa yana da izini. Na gwaji da koyon hannu kuwa ka dauki naka da wayarka, ko ka shiga shafukan hotunan kyauta irin su Unsplash da Pexels ka karanta sharuddansu kafin ka dauka.

Kayan aiki ba sai ka zuba kudi ba. Manhajar zane ta Krita kyauta ce kuma tana da buroshi masu kyau sosai, in kana da iPad akwai Procreate wadda sau daya ake biya, Photoshop din da ka iya yana da Mixer Brush tun 2010 wanda yake jan kalar hoton yana cakuda ta kamar danyen fenti, Corel Painter ma don zane a kwamfuta aka gina ta. Karamin allon zane na Wacom ko Huion ko XP-Pen wanda bashi da sikirin ya isheka shekarar farko, wannan kam ka siya, don da linzamin kwamfuta hannunka bazai taba sakewa ba.

Inda ake gane mai hannu da mai filta shine fuska. Filta tana shafe komai daidai wa daida, ido da bango da riga duk ta yi musu abu daya, shi yasa fatar take fitowa sumul kamar roba. Mai zane kuwa zabe yake, ya zauna akan ido da bakin hanci da lebe ya fito dasu tsaf, gashi ya bishi yadda ya kwanta, riga da bayan hoto ya sake su da manyan shafe-shafe, abinda bashi da amfani a hoton kamar wayar lantarki ko kafadar wani da ta shigo ya cire. Kuma kar ka yi wa mutum kwalliyar da zata canza shi, in dattijuwa ce ka bar mata layukan fuskarta, 'ya'yanta su suke nema, in ka goge su ka basu wata mata daban kuma bazasu iya fada maka me ya bace ba, kawai zasu ce bata yi kama ba. In kuma AI kayi amfani da shi a wani mataki ka fada, kar kace aikin hannu ne zalla, ranar da kwastoma ya gano da kansa ka rasa shi da duk wanda zai turo maka.

Yanzu lissafin girma, nan sabbin shiga suke yin asara. Bugu mai kyau akan takarda yana son fiksel (kananan digon da suke haduwa su zama hoto) 300 a kowane inci, kenan zanen inci 16 da 20 yana bukatar fiksel 4800 da 6000, A4 kuma 2480 da 3508. Kanbas saboda yana da kaushi kuma daga nesa ake kallo, 150 ma yana wucewa. Tun kafin ka sa buroshi ka bude fayil din a girman da za'a buga, in ka zana a karami kazo ka ja shi daga baya sai ya farfashe. Kuma kace wa kwastoma ya turo hoton a matsayin fayil, don in ya turo ta WhatsApp yadda aka saba matse shi ake yi, hoton da ya zo maka da fiksel 1200 a tsawo ka raba da 300 inci 4 ne kacal, kwayar idon ma baka gani balle ka zana ta. Wani abu kuma, sikirin haske yake fitarwa takarda kuwa bata da nata hasken, don haka bugu kusan kullum ya fi duhu, kuma fata mai duhu ita tafi shan wahala, inuwar gefen fuska sai ta hade ta zama baki daya. Rage hasken sikirinka in kana aiki, sannan ka sa mai bugu ya buga maka dan yankin fuska a karamar takarda ka gani da idonka kafin a buga babban. Ka tambaye shi wace tawada yake sakawa, mai figiment, wato mai garin kala, ta fi dadewa bata kode ba akan ta rini.

Maganar nawa zaka yanka. Ba zan baka adadi ba don ya danganta da inda kake da wanda kake siyar wa, amma ga yadda ake fitar da shi. Ka sa agogo ka ga awa nawa fuska daya take cin ka, tun daga hirar farko da kwastoma har mika kaya, hirar ma aiki ce kuma wani lokacin ta fi zanen cin rai. Ka yanka wa awarka kudi, ka dora kudin bugu da firam da kunshewa da aikawa, da data da wuta, da wani abu na lalacewar bugu don dole wata rana a bata daya, sannan riba. Farashi kuma akan yawan fuska ake yi kafin girman takarda, hoton iyali mai mutum shida aikin zane shida ne ko da a A4 za'a buga. In ta dandalin intanet zaka siyar ka tuna da la'adarsu, Fiverr kashi 20 cikin dari take cira, Etsy tana cire kashi 6.5 banda kudin jera kaya da na karbar biya, kuma ba kowace kasa ake iya bude shago a can ba, ka duba wannan da yadda kudin zai iso hannunka kafin ka bata lokaci. A ce ka siyar akan 100 ko da wane irin kudi ne, dandali ya cire 20, bugu da firam da aikawa suka ci 45, saura 35, in zanen ya ci maka awa bakwai kenan awarka 5 ce. Mutane da yawa sai su ga 100 ta shigo su dauka sun ci riba, basu taba raba ta da awa ba. Shi yasa nake son ka dinga bada zabi uku, fayil kadai ya je ya buga da kansa, ko bugu ba firam, ko cikakke da firam. Na fayil din ya fi kowanne tsafta, ba abinda zai fashe a hanya.

Kafin alkalami rabin kudi, ba aboki ba dan uwa, don zanen fuskar wani in ya fasa karba ba wanda zaka siyar wa. Gyara sau biyu a cikin kudin, na uku da kudinsa, ka rubuta wannan tun farko in ba haka ba zaka hadu da mai cewa a dan kara hasken goshi har sau goma. Samfurin da zaka tura masa ya duba ka rage girmansa ka dora sunanka a tsakiya, cikakken fayil sai cikon kudi ya shigo. Ka kuma fayyace me ya siya, na ratayewa a gida daban, in zai buga a riguna ko kalanda ya siyar wannan wani ciniki ne da kudinsa daban.

Talla kuwa aikin ne yake tallata kansa in ka nuna yadda aka yi shi. Hoton asali a gefe zane a gefe, da gajeren bidiyon yadda zanen ya taso daga farko, Procreate da kanta take nadar wannan, Krita ma tana da wurin nada, ka sa a Instagram da TikTok da sitatus dinka, wannan bidiyon shine shaidarka cewa ba danna filta kayi ba. Amma ka nemi izinin mai fuskar kafin ka dora, wasu basa so, musamman hoton mamaci ko na yara. Ka je wurin masu daukan hoton biki da masu hada firam ka ajiye musu samfuri biyu da aka buga da kyau, ku yi yarjejeniyar la'ada akan duk wanda suka turo, su kwastoman yana hannunsu a daidai lokacin da yake son kashe kudi akan hoto, kuma ta nan matsalar izini ma ta warware tunda mai hoton ne ya kawo ka.

Firinta kuma ka barta tukunna. Irin wadannan masu feshin tawada in suka kwana biyu ba'a bugu kan da yake fesa tawadar toshewa yake, wankin kan kuma tawada yake sha, ga tawadar da tsada, sai ka wayi gari kana ciyar da inji baka da oda. Ka kai bugu wurin masu bugu, na kasashen waje kuma akwai irin su Printful da Fine Art America da suke bugawa su aika wa mai siye kai tsaye bayan ya biya. Ka bude littafi ka dinga rubuta duk abinda ka biya mai bugu wata-wata, in ka yi wata shida a jere kaga ribar da yake ci a kanka ta isa ta sayi tawada da takarda ta kuma biya kudin injin cikin shekara daya zuwa biyu, sai ka turo min lissafin mu duba wace iri zaka siya.