Amsa: Dalilin da ya sa Chrysler ta kai aikin motocin baje kolinta Italiya

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa kamfani kamar Chrysler, mai masana'antu a Ditroyit ta Amurka, ya riƙa tura zanen mota har birnin Turin na Italiya a ƙera masa. Kuɗi ne da aikin hannu. Injinan matse ƙarfe na Amurka an yi su ne don fitar da dubban motoci iri ɗaya, asara ce a kafa su saboda mota guda tak. A Italiya kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ladan ma'aikaci ya yi araha, ga maƙeran kamfanin Ghia da ke sassaƙa siffar mota da katako, su bubbuga falankin ƙarfe da guduma har ya hau siffar daidai. Virgil Exner, shugaban masu zane na Chrysler, ya dogara da su sosai. Motar baje koli K-310 ta 1951 aikinsu ce.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Norseman, wata motar baje koli da Ghia ta ƙera wa Chrysler. Rufinta ba shi da ginshiƙan gaba kusa da gilashi, daga baya aka riƙe shi, abin da ba a saba gani ba a lokacin. An ɗora ta a jirgin ruwa Andrea Doria zuwa Niyok, sai jirgin ya yi karo da wani jirgin ruwa mai suna Stockholm a daren 25 ga Yuli 1956, washegari ya nutse da ita kafin ta taɓa shiga baje koli.

General Motors dai ba ta bi wannan hanya ba wajen motar baje kolinta LeSabre ta 1951, a gida ta haɗa kayarta.