Amsar Habu kan injin yanka da kayan hawa bishiya (muryar da na tura wa gurup)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Habu na ji muryarka tun la'asar, ina kan aiki a Ikoyi shi ya sa ban amsa ba. Ka ce ka tara ɗan kuɗi, kana so ka fara hawa da kanka maimakon tsayuwa a ƙasa kana jan igiya, wai babban injin yanka itacen nan, Stihl 070, za ka saya ko ƙaramin inji. To ƙanena, ni abin da na ji a maganarka shi ne kuɗin gaba ɗaya inji za ka zuba wa, igiya da bel ɗin ratayewa a sama kuma sai abin da ya rage. A nan nake so in tare ka.

070 dai ka cire shi a lissafin hawa. Injin ƙasa ne, na tsaga katako, ya haura kilo 10 tun ba a sa masa mai da biledi ba, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, kuma yawancin waɗanda ke hannunmu ko birkin sarƙa ba su da shi. Ka ɗauki wannan ka hau mangwaro da shi, bakin biledi ya taɓa reshe ya harbo baya, ina za ka kauce? A ƙasa kana da wajen ja da baya, a sama fuskarka ce kawai a wurin. Na sama shi ne mai mariƙi a ka, irin su MS 201 T na Stihl ko T540 na Husqvarna, ba su kai rabin nauyin wancan ba. Suna da tsada, na sani, tun da dala ta tashi komai ya haukace. In ba hali ka nemi ƙaramin Stihl MS 180 ka fara da shi, da hannu biyu, kullum hannu biyu.

Amma igiya fa. Wallahi raina na ɓaci in na ga yaro a sama da shuɗiyar igiyar nan ta nailan da ake ɗaure kaya a tirela a kasuwar Mile 12. Rana ta cinye ta, ba ka san nauyin da ta taɓa ɗauka ba, kuma in ta goga a reshe narkewa take. Igiyar hawa daban take, kaurin milimita 11 zuwa 13, za ka ga an rubuta lambar inganci EN 1891 a bakinta. Bel kuma ba irin na masu gini ba wanda ƙugiyarsa ke a baya, wancan na tare faɗuwa ne, ba a zama a cikinsa a yi aiki. Namu mai zobe a gaba da gefe biyu ne, a jiki za ka ga lambar EN 813 da EN 358. Ƙugiya ka sayi mai kulle kanta, wadda sai ka yi motsi uku take buɗewa. Sannan in za ka yanka, wuri biyu za ka ɗaure, babbar igiya a sama da gajeriya a kugu wadda ta zagaye bishiyar, gara mai wayar ƙarfe a ciki. Kuma igiyar da ka rataya ranka a kanta ba a sauke reshe da ita, ko sau ɗaya. Ta sauke kaya daban.

Na gwanjo ma... to bari, a bel da igiya ni ban yarda da gwanjo ba. Hular kwano mai maɗaurin haɓa dai ko ta hannu ce in ba tsagewa ka saya.

Yanzu maganar kula da inji, don ita ce ta taɓa ƙona ni. Wasunku sun san zancen. Shekarar da aka cire tallafin mai, 2023, wani da muke zaune unguwa ɗaya a Agege ya zo aron injina, Stihl MS 381, wai kwana ɗaya zai yi a Ikorodu. Na ba shi har da galan ɗin fetur da na haɗa da hannuna. Nawa ya ƙare, ya sayi na bakin titi ya zuba haka nan ba man haɗi. Ya dawo min da shi bayan kwana uku wai inji ya ƙi tashi. Na cire salansa na leƙa, fistin duk ya kakkarce kamar an ja shi a kan kwalta. Na buɗe tankin man sarƙa kuma, baƙin mai ne na janareta, har da ɗan tsaki-tsaki a ƙasa. Ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi dama injin ya tsufa. Injin da ban yi shekara da saya ba! Wata biyu ina aiki da na haya, kuɗin makarantar yara a gaba. Har yau muna gaisawa amma ko sufana ba zan sake ba shi ba. Kuma abin da ya fi min ciwo, da ya kira ni a waya da na gaya masa, minti ɗaya ne.

Haɗin ba wuya. Lita 5 na fetur, mil 100 na man haɗi mai kyau, wanda ake ce wa tu-ti (2T), wato 50 da 1. Ka sayi sirinji a kemis ka riƙa aunawa, ka daina aunawa da ido. A'a tsaya, in gyara, wannan in man na asali ne. In irin wanda ba ka san asalinsa ba ne, tsofaffin masu 070 na yin 25 da 1, wato mil 200 a lita 5, sai dai hayaƙi da toshe fulogi. Kuma kar ka haɗa da yawa ka ajiye, in ya wuce wata ɗaya ya fara lalacewa, ga laimar Legas. Baƙin mai a tankin sarƙa kuwa famfon mai yake kashewa, ya ci biledi, ga shi yana fallatsa maka a jiki duk yini.

Wasa sarƙa, ka duba abin da inji ke fitarwa. In ɓarɓashi ne manya-manya, lafiya. In ya koma gari kamar na tuwo, tsaya ka wasa, kar ka danna da ƙarfi. Magagari kowace sarƙa da nata, ta 070 milimita 5.5, ta ƙananan nan milimita 4. Kwana digiri 30, ka tura gaba kawai, kowane haƙori adadi ɗaya, in ba haka ba yanka zai riƙa karkacewa. Ɗan tudun da ke gaban haƙori kar ka cinye shi don wai inji ya yi ci, shi ke sa harbi. Duk sanda ka cire sarƙa ka juya biledi, ka share ramin mai da kwatar da sarƙa ke bi. Filtar iska kullum da yamma. In kwakwa ka yanka a su Lekki ko Ajah ka wanke inji a ranar, ruwanta na cin jikin inji, ga iskar gishiri ta teku.

Ƙarfen ƙafa mai tsini kuma na bishiyar da za a kayar ne gaba ɗaya, in rage rassa ne kawai kar ka huda ta.

Abu biyu kafin caji ya ƙare. Ka tambayi mai gida takardar izinin LASPARK, hukumar Legas mai kula da lambuna da bishiyoyi, kafin ka taɓa bishiya, Legas ba kamar gida ba ce, kai za su tarar da inji a hannu. Sannan wayar lantarki, in reshe ya kusa babban layin wuta sai an ɗauke, ɗanyen itace na jan wuta. Kuma kar ka hau kai kaɗai, a ƙasa a samu wanda ya iya hawa ya sauko da kai in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye.

Ka zo Asabar bayan azahar da kuɗin a aljihunka, kar ka sayi komai tukuna. Akwai mangwaro a bayan gidanmu, zan sa maka bel ɗina ka rataya ka ji yadda yake, sai mu je kasuwa tare.