Ka ce Yobo ya ci gida, sai me?

Tambayar da ka yi mini bayan atisaye a filin Polo ba ta amsuwa a tsaye, shi ya sa na ce ka bari. Cewa ka yi: "Koci, me ya sa kullum Joseph Yobo ne misalinka, alhali abin da muka san shi da shi cin gida ne a wasan Faransa?" To, ɗana, buɗe kunnenka.

Wasan nan an yi shi ranar 30 ga Yuni, 2014, a Brasilia, zagaye na biyu na Kofin Duniya. Pogba ya riga ya ci mu da ka a minti na 79. Cikin ƙarin lokaci Valbuena ya shimfiɗo ƙwallo ƙasa-ƙasa, Griezmann ya rugo, Yobo ya bi shi ƙafa da ƙafa, ƙwallo ta doke shi ta shige. Da ya noƙe ya bar mutumin ya tafi shi kaɗai, da sunan Griezmann za a rubuta, ba mai zagin kowa. Wanda ya je wurin da ake mutuwa ko a yi rai, shi ƙwallo ke samu. Wannan wasa shi ne na 101 da ya buga wa Najeriya, kuma na ƙarshe. Kai guda ɗayan ka riƙe, ni ɗarin nake so ka duba.

Yana ɗan shekara goma sha takwas ya tafi Standard Liege ta Beljiyam a 1998, daga nan Marseille a 2001. A 2002 David Moyes ya ɗauko shi aro zuwa Everton, daga baya suka saye shi gaba ɗaya. Abin da ya sa nake yawan ambatonsa ya faru ne a kakar 2006 zuwa 2007: wasa 38 na Firimiya, bai rasa ko minti ɗaya ba. Ka tsaya ka auna wannan a matsayinka na ɗan baya. Ma'anarsa ba a ba shi jan kati ba, bai tara katin gargaɗin da zai sa a dakatar da shi ba, bai ji raunin da zai kwantar da shi ba, kuma ba ranar da koci ya dube shi ya ga gara a cire shi. Mai zubewa ƙasa a kan kowace ƙwallo ba ya kai ga haka. Ku yaran yanzu kuna son zamiyar nan don 'yan kallo su yi ihu, alhali sau da yawa wanda ya zame, tsayuwarsa ce ta ɓaci tun farko. Kuma a busasshiyar ƙasar Jos lokacin hunturu, cinyarka ce za ta biya kuɗin ihun.

Yobo yana da gudu, amma ba gudun ya riƙe shi ba. Dubi yadda yake tsayawa a karkace, ba ya fuskantar ɗan gaba ƙirji da ƙirji, sai ya tura shi wajen layi inda ba hatsari. Yana jinkirta mutum har 'yan tsakiya su dawo. Ga kuma baki. Ɗan bayan da ba ya magana rabin ɗan baya ne, don kai kake ganin fili gaba ɗaya, kai za ka ce a fito, a tsaya, a bar wancan a satar gida. A Everton ya yi aiki da David Weir da Alan Stubbs, manya masu natsuwa waɗanda ba gudu ne ƙarfinsu ba, sannan da Joleon Lescott da Phil Jagielka. Kowanne da irin rufin bayan da yake buƙata, kuma ya zauna da su duka. Da ya koma Fenerbahce a 2010, a kakarsa ta farko suka ɗauki kofin gasar lig ta Turkiyya.

Wasan ƙasa kuwa wani aiki ne daban, nan ne yawancinku ba ku gane ba. A kulob kullum kuna tare, ka san numfashin abokin tsayuwarka, ka san golanku zai fito ko ba zai fito ba. A Super Eagles kwanaki kaɗan za a tara ku a sansani, wani daga Ingila, wani daga Turkiyya, wani daga gasar gida, a ce ku zama katanga ɗaya. Kuma ba lallai a ba ka gurbin da ka saba ba. A Kofin Duniya na 2002 ta gefen dama Yobo ya ɗago ƙwallon da Julius Aghahowa ya ci Suwidin da ka, ita kaɗai ce ma muka ci a gasar. Mutumin tsakiya ne, amma da aka buƙace shi a gefe bai tsaya gardama ba.

Sai 2013 a Afirka ta Kudu. Shi ne kyaftin, amma Stephen Keshi, wanda shi ma ɗan baya ne kuma shi ne kyaftin ɗin tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya tsayar da yara biyu a tsakiya: Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ta Akure, da Kenneth Omeruo mai shekara goma sha tara. Yobo ya koma benci. A wasan ƙarshe da Burkina Faso, wanda Sunday Mba ya ci ƙwallo ɗaya tilo, sai a mintunan ƙarshe aka sa shi ya taya riƙe ci, sannan ya ɗaga kofi. A ganina Keshi ya yi daidai, don layin baya idan ya kama, ba a taɓa shi saboda girman suna. Amma da Yobo ya watsar da jikinsa don fushi, da ba a sake sa shi a Kofin Duniya bayan shekara ɗaya ba.

Tunda na ambaci Omeruo, ga wani abu saboda maganar ejan nan, dillalin 'yan wasa, da kake ta yi. Chelsea ta saye shi a 2012, amma bai taɓa buga mata wasan gasa ba, aro aka yi ta ba da shi: ADO Den Haag, Middlesbrough, Turkiyya, har ya zauna a Leganes ta Sifaniya. Abin da ya cece shi, duk inda aka kai shi yana bugawa. Don haka in wani ya zo maka da sunan babbar ƙungiya, tambaye shi wa ke riƙe da lamba biyar a can, shekarunsa nawa, kuma kai a ina za ka buga ranar Asabar. Ahmed Musa ma, ɗan garin nan da ya wuce Yobo a yawan wasanni, sai da ya bi ta ƙungiyar JUTH ta Jos da Kano Pillars kafin ya ƙetare.

Wasan sada zumuncin da za mu yi wannan makon, lamba biyu za ka buga, ba biyar ba. Ɗan gefensu yana da gudu kuma da hagu yake yanka, saboda haka ka toshe masa ciki ka bar masa layi. Ina so in riƙa jin muryarka daga benci, kuma in ka zame ƙasa sau biyu kafin hutun rabin lokaci, zan cire ka.